Lado Waf da Sunan da Ya Ara

Duk wanda ya tashi a Batsari ya ce maka ya san teku, tambaye shi inda ya ganta. In mai gaskiya ne zai ce maka a rumfar Lado. Mu nan ruwan da muka sani na rijiya ne, sai na gulbi in damina ta yi albarka. Amma tara samarin bayan tasha ka ce su kwatanta maka yadda ake sauke kwantena daga jirgin ruwa, wallahi har da hannu za su yi maka, ka ce a can aka yanke masu cibiya.

Lado Waf ake ce mashi. Waf ɗin nan ba sunan ubanshi ba ne. Haka 'yan dako ke kiran tashar jiragen ruwa ta Ikko, shi kuma ya dawo da kalmar a baki ya ƙi ajiye ta, har ta manne mashi. Mutumin Yasore ne, ɗan manoman rogo. Yana saurayi, wata shekara rogon ya ƙi, ya hau saman tirelar shanu ya tafi ci-rani da niyyar dawowa kafin shuka. Shukar ta zo ta wuce, wasu ma suka zo suka wuce, Lado na can yana ɗaukar buhun shinkafa da na taki daga bakin sito zuwa cikin mota. Sai da bayanshi ya riƙe, ya zama in ya duƙa ba ya miƙewa sai an kama shi, sannan ya haƙura. Ya dawo da tafiyar nan da yake yi har yau, a ɗan karkace, da talabijin guda naɗe cikin bargo.

Da ita ya buɗe gidan kallo a bayan tasha. Rumfar kwano ce da bencina da janareta mai yawan tari, daga baya ya samu sola. Yana nuna ƙwallo, don ita ke riƙe gidan, amma ba ita ce a ranshi ba. Abin da ke ranshi fim ne, fim ɗin ma iri ɗaya: na 'yan fasa-ƙwauri da ɓarayin bakin teku. Na Indiya ne, na Chana ne, na Turawa ne, duk bai dame shi ba, in dai akwai jirgi, akwai kwantenoni jere kamar unguwa guda, akwai bos mai baƙin gilashi yana jiran kaya, akwai ɗan sandan da ya ci amana. Masu tura fim a waya duk sun san shi. Da sun ga ruwa da ƙugiyar ɗaga kaya a hoton fim, sai su ce wannan na Lado ne, su ajiye mashi.

Na taɓa tambayarshi mi ya sa. Na ce Baba Lado, duniya cike da fim, kai kullum bakin ruwa, kullum kwantena?

Ya tsayar da fim ɗin da ke kan allo, ya nuna da baki. Ya ce, “Ku akta kuke kallo. Ni na baya nike kallo. Duba can bayan motar bos, wancan mai buhu a kafaɗa. In aka fara harbi shi zai fara faɗuwa, kuma ba wanda zai tsaya ya tambayi sunanshi. Tau ni ne wancan. Duk zaman da na yi a Waf, da ‘kai Malam’ aka san ni. Shi ya sa a rumfata kowa sai ya samu suna.”

Abin da yake nufi ke nan, kuma nan ne sana'arshi take. Lado ba ya jin Indiyanci, ba ya jin Chana, Turancinshi bai wuce na a ɗauka a sauke ba. Da hantsi yake zama shi kaɗai ya kalli fim daga farko har ƙarshe, ya gane wa ke cutar wa. In jama'a suka taru sai ya rage murya, ya bar ta ƙasa-ƙasa yadda za a ji ƙarar mota da ta ruwa, ya ɗauki makirfo ya shiga zuba masu magana a baki da Hausar gidanmu. Bos ya buɗe baki, Lado ya ce, “Ina kayana, ɗan banza?” Kwantena ta koma rumbu. Sito ya koma gidan Alhaji. Mutanen cikin fim kuma, tun daga akta har mai shara, duk sai ya ara masu suna daga cikin waɗanda ke zaune a benci.

Ba ƙaramin abu ba ne a sa sunanka. Mati mai nama ya taɓa zama akta sau ɗaya, ya yi mako yana yanka tsire da kafaɗa a sama. Akwai masu kawo wa Lado dafaffen rogo da ƙuli tun da rana don a tuna da su. Wanda aka ba mai buhu ma murna yake, don Lado zai tsaya ya ce, “Ga Nurain can, Allah Ya ba ka lafiyar baya,” a yi dariya, a juyo ana kallonshi.

Matsala ɗaya ce: mugu. Ba ka ɗaukar sunan mutum mai iyali ka liƙa wa maci amana a gaban jama'a ka kwana lafiya. Sai dai in taubashinka ne.

Mannir ɗan goggon Lado ne, ita da mahaifin Lado ciki ɗaya. Ɗan mace da ɗan namiji, kun san yadda abin yake: zagi halal, ba fushi, ba kai ƙara. Lado na ce mashi bawana, shi yana ce ma Lado gurgun Waf. Sana'ar Mannir kai burodi ƙauyuka. Da safe zai ɗaure ƙaton kwali a bayan babur ya bi hanyar Darini, wata rana ya zaga har ɓangaren Tsaskiya, ya sauke wa masu shayi da 'yan tireda, ya dawo da ƙura har cikin kunne. Ya wanke ƙafa, ya zo ya zauna a bencin gaba. Kuma duk fim ɗin da Allah Ya yi, in akwai munafuki a ciki, sunanshi Mannir.

“Jama'a ga bawana ya shigo,” in ji Lado, in mugun ya bayyana a allo. “Ku duba aljihunku.”

Mannir zai ɗaga murya daga benci, “Ƙarya kake, gurgu! Wanga ya fi ka kyau, ya za a yi ya zama danginmu?”

“Dangin uwa ne, ba na uba ba.”

“Uwar tawa ce ta yi maka wankan jego da kai da uwarka, marar kunya!”

Rabin masu zuwa rumfar nan, in za su faɗi gaskiya, wannan suke zuwa ji, ba fim ba.

Sai zamani ya juya mana. Ba sai na tsaya ba ku labarin abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar nan ba, wanda bai rasa ɗan uwa ba ya rasa saniya, wanda bai rasa saniya ba ya bar gona. Dangin Lado na Yasore da yawa suka taso suka dawo cikin gari. Kallo ya koma tsakanin azahar da la'asar, kowa na son magariba ta same shi a gida. Lado ya koyi wani abu da ba wanda ya koya mashi: in an zo wurin harbi a fim, sai ya kashe muryar gaba ɗaya, ya cike wurin da surutu, don ya lura akwai waɗanda in suka ji ƙarar sai su dafe benci. Kuma wata kalma ta shigo gari ta fi bindiga saurin kisa: infoma. Wanda ke zaune cikinmu, yana cin tuwo da mu, yana kai wa na daji labarin wa ya sayar da sa, wace hanya 'yan sa-kai suka bi. Akwai su, ba ƙarya ba ne. Amma kalmar ba ta tambaya kafin ta sauka a kan mutum.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, rumfa ta cika har waje. Fim ɗin na wata tashar jiragen ruwa ne, akwai wani mai kai wa masu gadi abinci a ƙofa. Kullum yana dariya, kowa na sonshi, ashe yana ƙirga masu gadin, yana lura da wace kwantena aka fi tsaro, in ya fita ya kira bos. Ku faɗa mani, wa Lado zai ba wannan in ba mai kai burodi ba?

Ya gyara zama ya ce, “Tau jama'a, yau asiri ya tonu. Kun ga Mannir mai burodi? Ku dube shi da kyau, yana ta washe baki yana miƙa masu abinci. Wallahi shi ke kai labari. Ya san rumbun da ke da kaya, ya san wanda ke gadi da wanda ke barci. Yana fita zai kira su. Ni ɗan uwanshi ne, na fi kowa saninshi.”

Rumfa ta kwashe da dariya. Mannir ya miƙe ya cire hula ya rusuna, ya ce, “Na gode, kuma rumbunka zan fara nuna masu, su kwashe ɓeraye.” Aka ƙara tuntsirewa. Wani daga cikin masu kallo, don abin ya ba shi dariya, ya ɗauki muryar a waya. Murya kawai, ba hoto. Ya tura wa abokinshi.

Daga nan ban san hannu nawa ta bi ba. Abin da na sani, a hanya wani ya yanke dariyar, ya yanke amsar Mannir, ya bar tsakiyar. Ko don ta yi gajarta ya yi, ko don mugunta, shi da Allah. Cikin makon kuma aka shiga wani ƙauye a bayan Darini, aka kashe mutane, aka kora shanu. Mannir ya sauke burodi a ƙauyen ana gobe za a shiga, kamar yadda ya saba saukewa tun kafin a san za a yi wannan zamani.

Sai muryar ta tashi. Daga wannan waya zuwa waccan, da rubutu a ƙasa: ɗan uwanshi na jini ya tona shi, ku tura wa wasu. Kuma aka tura. Ku da kuke danna turawa kafin ku gama saurare, ku ji da kyau, ku ne kuka ɗauke ta a ka kuka kai ta inda za ta yi kisa. Mutanen ƙauye da ba su taɓa shiga rumfar Lado ba, mi za su ji? Muryar dattijo, a natse, yana rantsuwa da Allah, yana kiran suna da sana'a.

Da hantsi Lado na zaune yana kallon sabon fim shi kaɗai, sai ga Goggo, uwar Mannir. Tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta cika fitowa ba, ta ratso tasha da mayafi a karkace, ba takalmi. Ba ta yi sallama ba.

Ta ce, “Lado, sun tafi da shi.”

“Wa, Goggo? Su wa?”

“'Yan sa-kai. Sun tare shi a hanya, sun sauke shi daga babur. Sun ce kai ka faɗa. An sa mani a kunne na ji, muryarka ce. Ni na goya ka, Lado. Mi ya yi maka?”

Lado ya ce mani a lokacin bai ma gane maganar da take yi ba. Sai da wani ya miƙo waya ya kunna. Ya ji kanshi yana cewa wallahi shi ke kai labari, ba dariya a gaba, ba dariya a baya. Ya ce bai taɓa jin muryarshi ta ba shi tsoro ba sai ranar.

Wanda ke riƙe da Mannir sunanshi Hashimu, jagoran 'yan sa-kan ƙauyukan wajen. Manomi ne, ba ɗan kallo ba, bai san Lado ba sai a suna. Ƙanenshi na cikin waɗanda aka binne a harin. Sun kawo Mannir ƙofar mai unguwa ɗaure da igiyar shanu, ba don su miƙa shi ba, don mai unguwa ya fito ya tare hanya ya roƙe su. Suka ce sun ji, za su jira a yi la'asar, daga nan za su fita da shi bayan gari su yi mashi tambayoyi. Kowa a nan ya san wanda aka fita da shi bayan gari ba ya dawowa ya ba da amsa.

Lado ya iso yana jan ƙafa. Ya gaida mai unguwa, ya gaida Hashimu, ya yi mashi ta'aziyya. Sannan ya ce, “Malam Hashimu, muryar nan tawa ce, amma wasa ne. Fim nike fassarawa.”

Hashimu ya dube shi daga sama har ƙasa. “Wasa. Da wallahi a ciki?”

“Haka nike yi kullum. Tambayi kowa.”

“Tau ina kowan?”

Lado ya juya. Ƙofar mai unguwa cike take da mutane, kuma da yawansu suna rumfar ranar, ya san bencin da kowa ya zauna. Mati mai nama na nan. Nurain na nan. Wanda ya haɗa ido da shi sai ya sunkuyar da kai. Kada ku yi saurin zaginsu. A wannan lokaci, wanda ya buɗe baki ya kare infoma, shi ne na gaba a igiya. Kowa na da 'ya'ya.

Mannir na zaune a ƙasa, leɓe a fashe, ido a kumbure. Bai dubi Lado ba.

Lado ya juya ya koma tasha. Wasu suka ce ya gudu. Can sai ga shi ya dawo yana tura kurar ruwa da ya ara, an cire jarkokin, ya ɗora talabijin da batirin sola da lasifika, ya ɗaure da tsumma. Mutumin da ba ya iya ɗaukar bokiti, shi ya turo ta tun daga bayan tasha, yana tsayawa yana dafe ƙugu, ba wanda ya kama mashi. Ya jingina ta a inuwar itacen bedi, ya haɗa wayoyi, ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna fim a ƙofar gidanka.”

Mai unguwa ya ce a nuna.

Lado ya nemo wurin mai kai abinci a fim ɗin ya tsayar. Ya ce wa Hashimu, “Wayarka nike so, ba tawa ba, kada a ce na canza wani abu. In na ce kunna, ka kunna.” Ya saki fim ɗin ba murya, ya ce kunna.

Muryar Lado ta fito daga wayar Hashimu: ku dube shi da kyau, yana ta washe baki yana miƙa masu abinci. A allo, wani baƙon mutum mai gashin baki ya washe baki ya miƙa wa mai gadi kwano. Ya san rumbun da ke da kaya: mutumin ya saci kallon wata jar kwantena. Yana fita zai kira su: ya fita ƙofa, ya zaro waya. Jama'a suka fara matsowa, ana leƙe ta kafaɗa.

Hashimu ya ce, “Wannan ba hujja ba ce. Kowa na iya nemo hoton da ya dace da maganarshi.”

Lado ya ce, “Gaskiyarka. Mayar da muryar baya kaɗan, ka sa a kunne. Bayan na ce wanda ke barci, mi kake ji a ƙasan muryata?”

Hashimu ya kara wayar a kunne. Akwai wani sauti a wurin, doguwar ƙara mai kauri, buuuu, kamar daga cikin rijiya. Duk wanda ya saurari muryar ya ji ta. Wasu sun ce kukan sa ne, wai alamar a rugar daji aka ɗauka. Wasu sun ce ƙahon da 'yan bindiga ke busawa ne.

Lado ya mayar da fim ɗin baya, wannan karon ya buɗe muryar har ƙarshe. Mai abinci ya saci kallon jar kwantena, sai wani jirgi ƙato a bayanshi ya saki ƙaho. Buuuu. Lasifika ta girgiza kurar. Tsawon ɗaya, kaurin ɗaya, a daidai wurin.

“Jirgin ruwa ne ke sallama zai bar tasha,” in ji Lado. “Na yi shekaru ina jin shi a kan kaina. Malam Hashimu, in akwai inda jirgi ke tsayawa tsakanin nan da dajin Rugu, a kai ni in gani.”

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Hashimu bai yi ba. Ya sa aka maimaita, ya sake sa aka maimaita, waya a kunne ɗaya, lasifika a ɗayan. Sannan ya sauke hannu.

Ya ce, “Na yarda fim ne. Amma garin nan cike da mutane. Mi ya sa shi? Mi ka sani a kanshi da ka zaɓe shi?”

Lado ya ce, “Taubashina ne. Ɗan goggona ne, ga ta nan tsaye. Duk garin nan shi kaɗai nike da shi da zan kira ɓarawo ya yi dariya. Ba don na san wani abu a kanshi ba ne. Don nawa ne.”

Goggo ta ce, “Tun suna tsirara suke haka. Na hana, na gaji.”

Sai a lokacin Mati mai nama ya yi gyaran murya ya ce shi dai yana wurin, kuma Mannir ma ya rama, ya ce zai nuna masu rumbun Lado su kwashe ɓeraye. Nurain ya ce haka ne. Wani ya ce ai ko wancan makon Mannir ne ɗan sandan da ya ci amana. Bakuna suka buɗe, yanzu da buɗewar ba ta da tsada.

Hashimu ya duƙa da kanshi ya kwance igiyar. Bai ba da haƙuri ba, kuma ba wanda ya nema. Ya ce wa Lado, “Ni ma ina da taubashi. Shi da ƙanena rana ɗaya aka binne su.” Ya naɗe igiyarshi, suka hau babura suka tafi. Har yau ba a san wanda ya kai labarin ƙauyen nan ba, ko ma akwai shi.

Lado ya miƙa wa Mannir hannu zai tashe shi. Mannir ya dafa ƙasa ya tashi da kanshi. Kowa na jira ya ji mi zai ce wa gurgun Waf, don a samu abin dariya a wanke wurin. Ya kakkaɓe riga ya ce, “Sannu, Yaya Lado.” Ya kama hannun uwarshi suka wuce.

Lado ya ce mani duk abin da aka yi ranar, ba abin da ya yi mashi zafi kamar wannan Yayan. Tunda suke Mannir bai taɓa girmama shi ba.

An kwance igiya, amma ba a kwance murya ba. Tana nan a wayoyin mutanen da ba su zo ƙofar mai unguwa ba, kuma ba wanda ya ɗauki fim da ƙahon jirgi ya tura wa wasu, wannan ba ya tafiya. Mannir ya koma kai burodi, masu shayi suka riƙa cewa akwai saura na jiya. A wani ƙauyen, yana shiga mata suka janye yara. Ya gane in ya ci gaba da bin hanyoyin nan, wata rana zai haɗu da waɗanda ba su da mai unguwar da zai tare masu hanya. Ya sayar da babur. Da zai tafi bai zo rumfa ba, Lado ne ya bi shi har inda ake lodin shanu, ya faɗa mashi sunan wani mutumin Safana da ke shugabantar 'yan dako a Waf, ya ce ya faɗa wa mutumin cewa Lado ne ya turo shi. Ya ƙara da cewa in zai ɗauki buhu ya durƙusa da gwiwa, kada ya duƙa da baya. Mannir ya ce to, ya gode. Ya hau saman tirela.

Rumfa na nan. Lado na nan yana fassara, amma ya daina aron suna. Yanzu sai ka ji, “Ga mai jar riga nan ya shigo,” “Wancan dogon ya zaro waya.” Mati ya roƙe shi ya mayar da shi akta ko sau ɗaya, ya ƙi. Masu kawo rogo sun daina, bencin baya ya zama wurin ajiye jarka. Na ce mashi Baba Lado, ai sai ka bar mugu ba suna, ka ba sauran. Ya ce, “Wanda ya yanke dariya zai iya yanke komi.” In mai buhu ya gitta a bayan bos, har yanzu yana ɗan tsayawa, ka ga bakinshi ya motsa, sai ya wuce.

Bayan sallar layya ina zaune a wurinshi da hantsi, saƙon murya ya shigo wayarshi. Lamba ce baƙuwa. Ya ba ni ya ce in kunna mashi, idonshi ba ya ganin ƙananan rubutu. Iska ce ta fara fitowa, da hayaniyar mutane da ƙarar ƙarfe. Sai murya:

“Gurgu. Kai gurgun Waf. Ashe duk ƙarya kake zuba mamu? Ka ce teku shuɗiya ce, ga ta nan baƙa ƙirin, sai warin mai da mushen kifi. Bos ɗin ma ban gan shi ba, sai wani ƙato mai tumbi da ke ce mani kai Malam. Kuma na tambaya, an ce ko buhu ɗaya ba ka taɓa kaiwa mota ba tare da ka zubar da rabi ba. Tsaya, tsaya, ga ubanka nan zai yi magana.”

Sai ƙahon jirgi, buuuu, har wayar na rawa a hannuna.

Lado ya yi dariya har ya dafe bayanshi, hawaye na bin gemu. Ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya karɓi wayar ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai baki, ya ce, “Bawana...” Sai ya saki. Ya dube ni, ya dubi wayar.

Ya ce, “Goge wannan. Kira mani shi kawai, in zage shi baki da baki.”